Bonanza, kashin Adam da mahaƙin zinariya: wai waye ya ci wasan a ƙarshe?

Kaboyin_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare da aka ɗauke wuta na kwanta da waya na sake kallon wani kashi na Bonanza, tsohon shirin kaboyi na talabijin, wanda suka sa wa suna The Crucible, a zango na 3. An fara nuna shi a Amurka ranar 8 ga Afrilu 1962. Wanda bai gani ba ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai.

Adam, babban ɗan Ben Cartwright, shi da autansu Joe sun kai shanu wani gari Eastgate sun sayar, kuɗi dala 5,000 a jikin Adam. Joe ya tsaya kallon shari'ar wani da ya yi kisan kai, Adam ya ce shi zai bi ta daji ya huta. Kafin su rabu har da yi wa ƙanin wa'azi, wai duk wanda ya kasa riƙe zuciyarsa har ya yi kisa dole ya ɗanɗana hukunci. A hanya ɓarayi biyu suka tare shi, suka kwashe kuɗi, suka kore dokinsa, suka bar shi a ƙasa tsakiyar hamada ba ruwa. Yana gab da halaka ya faɗa sansanin wani mahaƙin zinariya mai suna Peter Kane. Kane ya ba shi ruwa da abinci, suka yi yarjejeniya: ya yi masa aikin kwana 3 a rami, shi kuma ya ba shi aron alfadari ya fita. Cikin hira Adam ya sake cika bakin nan, cewa shi ba abin da zai kai shi ga kashe mutum da gangan. Ashe ya taɓo wa Kane inda yake masa ƙaiƙayi. Kwana 3 na cika ya harbe alfadarin, ya mai da Adam jakinsa, yana rage masa ruwa da abinci, yana ƙasƙantar da shi, don kawai ya nuna masa cewa shi ma dabba ne idan an matsa shi.

Ga maganata: ni a ganina Kane ne ya ci. Adam ya shaƙe shi, kuma da aka tsince su Kane gawa ne. Duk wani kwaskwarima da masu shirin suka yi daga baya don kada a ce akta ya yi kisa ne. Wanda yake da ja ya fito.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Kai Kaboyi, kullum kai ne mai goyon bayan bos. Ina da ja. Ya kama wuyansa, gaskiya ne, amma ai ya saki. Ya ɗauki bindigar ya maka ta da dutse ya karya. Mai niyyar kisa ba ya karya makami.

Kaboyin_Fagge:
Hajiya, ya karya makami bayan ya gama aiki da hannu. Me zai yi da bindiga kuma?

Dogo_Mai_Rediyo:
Wannan bos ɗin ai Lee Van Cleef ne ko? Mai idon shaho ɗin nan na fina-finan Italiya.

Tsohon_Opireta:
A'a Dogo, ka haɗa Lee biyu wuri ɗaya. Lee Marvin ne. Dogo ne shi ma kamarka, da murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. A watan da aka nuna wannan kashin ne ma fim ɗinsa da John Wayne da James Stewart ya fito, inda ya fito a matsayin Liberty Valance. Bayan 'yan shekaru ya ci kyautar Oscar da Cat Ballou na 1965. Kuma mutumin ya ga yaƙi na gaske, sojan rundunar Marines ta Amurka ne, an ji masa rauni a tsibirin Saipan a 1944. Shi ya sa idan ya zuba maka ido a fim ba ka ganin wasa a ciki.

Ni da na yi shekaru ina juya injin silima na ga bosawa kala-kala. Yawancinsu kuɗi suke so, ko fili, ko mace. Bos ɗin da ba ya son komai a wurinka sai ya ga ka lalace, wannan shi ne mai ban tsoro. Ku lura, Kane bai nemi fansa ba. Ya san Adam ɗan masu Ponderosa ne, ƙaton gandun su Cartwright, da kuɗi yake so da ya samu. Abin da ke cinsa shi ne ga yaro da yake ganin an haife shi cikin daula yana yi masa maganar mutunci, shi kuwa ya ƙare rayuwarsa yana tonon ramukan da ba komai a ciki.

Dogo_Mai_Rediyo:
Na karɓi gyara Baba. Allah ya ƙara girma.

Malam_Na_Tudu:
Salamu alaikum. Kaboyi, akwai wurin da ka tsallake a labarinka, kuma nan ne zancen yake. Bayan Adam ya saki wuyan Kane ya kwashi ruwa da abinci ya kama hanya. Kane yana kwance yana kiran sa, yana nuna masa cewa idan ya tafi ya bar shi to bai da bambanci da ɓarayin da suka yashe shi a daji. Wato tarkon baki biyu gare shi: ka kashe ni na ci, ka bar ni na ci. Sai Adam ya dawo, ya haɗa sanduna ya yi masa abin ɗauka, ya ɗaura a jikinsa yana jan maƙiyinsa cikin rana. Wannan hanya ta uku ce da Kane bai lissafa da ita ba.

Mu a wurinmu ai hadisi ne sananne, cewa ba mai ka da mutane a kokawa ne mai ƙarfi ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ba a ce wanda ba ya fushi ba. Adam ya yi fushin da ya kai maƙura, sannan ya dawo da kansa. Ban ga faɗuwa a nan ba.

Kaboyin_Fagge:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da hadisi ɗari bisa ɗari. Amma ba hujjar da Adam ya kafa ke nan ba. Bai ce zan yi fushi in dawo ba. Cewa ya yi shi ba za a iya kai shi can ba. An kuwa kai shi. Da wuyan Kane ya fi haka laushi da shi ke nan.

Gimbiyar_Zazzau:
Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Mutum da dala 5,000 a aljihu, ku zauna a mashaya kuna zancen cinikin da kuka yi kowa na ji, sannan ka kama hanyar daji kai kaɗai? Ko dillalin shanun da ya fara zuwa kara jiya ba zai yi haka ba. Kuma wai shi ne mai ilimin gidan, wanda ya yi karatu a gabas. Ilimin boko daban, wayon kasuwa daban.

Sarkin_Zolaya:
Gimbiya ki bar shi, da ya yi wayo da kashin ya ƙare a minti 7 an koma talla.

Dan_Agadas:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ban cika magana a nan ba, karatu nake yi, amma wannan ta shafe ni. Na yi shekaru ina tuƙi tsakanin Agadas da Dirku, kuma lokacin da zinariya ta fashe a Jado a 2014 na yi ta kai mutane. Abu biyu zan ce.

Na farko, ƙishirwa. Ku da kuke gardama a ƙarƙashin fanka, ba ku san abin da take yi wa hankali ba. Mota ta taɓa mutu mana, mu goma sha wani abu, muka kwana biyu muna jiran wata ta biyo. Ruwan da ya rage a bido da murfi muke rabawa. Akwai mutum biyu a cikinmu, 'yan gari ɗaya, tun daga tasha suke cin abinci a kwano ɗaya. A rana ta biyu ɗaya ya zare wuƙa a kan ɗan uwansa wai ya ga ya sha murfi biyu. Da aka kawo mana ɗauki, aka sha ruwa, mutumin nan ya zauna yana kuka kamar yaro, yana cewa shi bai san wanda ya zare wuƙar ba. Na yarda da shi. Don haka idan aka ce Adam ya shaƙe mutum bayan kwanaki ana yi masa ƙoron ruwa, yana fasa dutse cikin rana, ni ba na ƙirga wannan a kan halinsa. Wanda ya shaƙe ɗin ba shi ba ne, ƙishirwa ce.

Na biyu, Kane. Wallahi na ga irinsa da idona. Mutum ya sayar da gona, ya sayar da raƙuma, ya sayi na'urar neman zinariya, wata shida bai samu ko ƙwaya ba, na kusa da shi kuma ya samu a mako ɗaya. Ba ya iya komawa gida saboda kunya. Irin wannan mutumin ba ya ƙin wanda ya cuce shi kamar yadda yake ƙin wanda ya dace. Wanda ya rubuta labarin nan ya san mahaƙa.

Uwar_Biyu:
Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Dan_Agadas. Jikina har ya yi sanyi.

Kaboyin_Fagge:
Yaya Dan_Agadas, na jinjina maka, amma ka lura ka ba ni makami ne? Abin da ka faɗa shi ne ainihin da'awar Kane: ka cire wa mutum ruwa da abinci, wani ne daban zai fito. Kai ka ce ba shi ba ne, Kane ya ce shi ne na ainihin, na da ɗin riga ce.

Dan_Agadas:
To ai sai ka tambaya wanne ya daɗe. Na wuƙar minti biyu ya yi. Na kukan har muka iso Agadas yana nan.

Bakatsine_A_Legas:
Ku dakata, ni tambayata ta gefe ce. Me sunan kashin yake nufi? Na ga kalmar ban gane ba.

Jikan_Makera:
Wannan layinmu ne. Ƙaramar tukunya ce da ake zuba zinariya ko azurfa a ciki a ɗora a wuta har ta narke. Idan ta narke, dattin ya taso sama a kwashe, a ga abin da ya rage. Ka ga sunan ya zauna daram, tunda labarin ramin zinariya ne, amma wanda aka ɗora a wutar mutum ne. Abin dariyar ma, ramin ba zinariya a cikinsa, kuma Kane ya daɗe da sanin haka. Duk dutsen da Adam ya ɗauko a kafaɗa aikin banza ne, da gangan.

Bakatsine_A_Legas:
Madalla. Wannan na aikin banzan ne ya fi min ciwo. Na taɓa zama a hannun wani maigida a nan, ba zan faɗi sana'ar ba. Yarjejeniya shekara 3 zai sallame ni da jari. Shekara 3 ta cika ya ce kaya sun yi ƙasa in ƙara ɗaya. Ta cika ya ce akwai gibi a lissafi. Daga nan ya fara zagina gaban kwastomomi, abin da bai taɓa yi ba. Sai wani dattijo maƙwabcin shagonmu ya ja ni gefe ya ce, yaro, so yake ka ɗaga masa hannu, ranar da ka taɓa shi sallamarka ta tafi. Na haɗiye. Ban samu duk abin da aka yi alkawari ba amma ban fita da hannu biyu ba. Da na ga inda kwana 3 suka cika Kane ya harbe alfadarin nan, sai da na tsayar da kallon na tashi na zaga.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allah ya saka maka ɗana. Irin wannan ai a gidajen aure ma ana yi, a yi ta tsokanar mutum a ɓoye har ya yi abin da za a gani a fili. Sai a ce ga mai laifi.

Ni kuma bari in karkata kaɗan. Wannan gida na Cartwright, wai wace irin ƙaddara ce? Uba ya auri mata uku, kowacce ta haifi ɗa ɗaya ta rasu. Uwar Adam, uwar Hoss 'yar Suwidin, uwar Joe 'yar New Orleans. Sannan duk yarinyar da ɗayansu ya ce yana so, kafin kashi ya ƙare ko ta mutu ko ta hau keken doki ta bar gari. Da a unguwarmu ne da tuni an daina ba su aure, an ce a je a nemi taimako.

Sarkin_Zolaya:
Hajiya ai Ponderosa kabarin amare ce. Ga fili ya kai ƙasa guda, ga shanu, ga katako, amma mai dafa abinci namiji, Hop Sing. Ko tsohuwa ɗaya babu a gidan.

Tsohon_Opireta:
Dabarar masu shiri ce. Idan ɗaya ya yi aure ya tashi, labarin uba da 'ya'yansa uku ya watse. Kuma abin da mutane ba su sani ba, Lorne Greene da ya fito a uban, mutumin Kanada ne, an haife shi a 1915. Pernell Roberts mai fitowa a Adam da Dan Blocker mai fitowa a Hoss duk 'yan 1928 ne. Shekara 13 ce tsakanin uba da manyan 'ya'yansa. Furfura ce ta rufa asiri.

Gimbiyar_Zazzau:
Baba wai da gaske Adam mutuwa ya yi a shirin? Yayana ya ce min an kashe shi shi ya sa ba a ganinsa a kashin baya-baya.

Tsohon_Opireta:
Ba a kashe shi ba 'yata. Shi Pernell Roberts ɗin ne ya ajiye aikin a 1965 bayan zango 6, a labarin sai aka nuna ya yi tafiya. Ɗan wasan daɓe ne tun asali, ya yi ta ƙorafin cewa rubutun ba nauyi, kuma yana ganin abin kunya ne ƙato mai shekara talatin da wani abu kullum sai ya nemi izinin uba. Wanda ya rasu ana cikin shirin shi ne Dan Blocker, a watan Mayu 1972, kuma bayansa shirin bai ƙara shekara ba, aka rufe a Janairu 1973. Daga 1959 zuwa lokacin, zango 14, kashi 431.

Malam_Na_Tudu:
Ikon Allah. Abin da shi yake gani abin kunya, mu shi ne ya sa iyayenmu suke barinmu mu kalla. Ƙato da gemunsa uba ya yi magana ya sunkuyar da kai. Kowa da inda yake kallo.

Basakkwace:
Ni dai jama'a abin da nig gani a wanga kashi, ba Adam ba ne ba Kane ba ne, tsohon ne. Mako biyu shina yawo cikin daji shina kiran sunan ɗanai, murya ta dishe, doki ya gaji. Har Hoss, wanda ya fi kowa taushin zuciya, shi ne ya ce Baba mu haƙura mu koma gida. Sun juya ke nan sai ga wani can nesa shina jan kaya kamar jaki. Da sunka iso gare shi bai ma gane su ba, sambatu shikai na zinariya da wasa, shina dariyar da ba ta daɗi ba, sannan ya faɗa jikin uban ya fashe da kuka. Ni da nike da ɗa a bariki wanda wani lokaci wata biyu ban ji muryatai ba, nan ne nawa idon ya kawo ruwa. Ku ci gaba da gardamar wa ya ci, ni uban nike kallo.

Uwar_Biyu:
Wallahi Basakkwace ka faɗi nawa. Kuma ka tuna akwai inda suka zo kusa da ramin har Adam yana jin kiran, amma bai samu ikon kai kansa gare su ba. Da na ga wurin na ce wa allo, ku ɗan ƙara gaba mana! Yarana suna ta dariya.

Dan_Zongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni zan ɗan ɓata muku biki. Muna ta tausayin ɗan mai Ponderosa don ya yi mako biyu yana aikin rami ba lada. To su Hop Sing fa? 'Yan Sin nawa suka yi aikin ramuka da layin dogo a wannan yankin ana wulaƙanta su? Kuma ƙasar da ake ce wa ta Cartwright, gefen tafkin Tahoe, ta su waye kafin su zo? Tafkin Pyramid da Adam ya ce zai je kamun kifi, a nan aka gwabza yaƙi da ƙabilar Paiute a 1860, bayan da azurfar Comstock ta jawo dubban baƙi Virginia City daga 1859. Muna yara a silima muna tafi idan kaboyi ya harbo ɗan asalin ƙasar daga kan doki. Sai da na girma na gane wa muke yi wa tafi.

Tsohon_Opireta:
Gaskiyarka ɗan Zongo, ba na musu. Sai dai a yi wa Bonanza adalci kaɗan, ta fi da yawa daga cikin takwarorinta. Akwai kashi-kashi da suka fito fili suka nuna zaluncin da ake yi wa 'yan Sin da 'yan asalin ƙasar. Amma a ƙarshe dai mai fili shi ne mai gaskiya a labarin, wannan ba a taɓa shi. Shi kansa Pernell Roberts yana cikin masu sukar yadda shirin yake nuna waɗanda ba farare ba, kuma ya shiga tattakin Selma na 1965 na neman 'yancin baƙaƙen fata.

Dan_Zongo_Kumasi:
Wannan ban sani ba Baba. Ya ƙaru a idona.

Dogo_Mai_Rediyo:
Ni fa Gunsmoke, wani shirin kaboyin, ta fi min. Shekara 20, kashi 635, kuma aktanta Matt Dillon ba ya tsayawa dogon Turanci. Da shi Kane ya kama da tun daren farko an gama.

Sarkin_Zolaya:
Dogo, ka fara kawo Lee ɗin da ba shi ba, yanzu ka kawo shirin da ba shi ba. Saura ka ce a Indiya aka ɗauka.

Gimbiyar_Zazzau:
Amma Dogo ya taɓo wani abu. Me ya hana Adam ya buge shi da shebur tun rana ta huɗu? Mutum ya tsare ka da bindiga, yana kashe ka da yunwa, wannan ai kare kai ne. Ko a kotu ko a gaban malamai ba wanda zai kira shi kisan kai. Ni a nan nake ganin taurin kan Adam. Ya tsaya kare wata magana da ya faɗa a kan tebur, har ya kusa rasa ransa. Girman kai ne aka yi wa rawani aka kira shi mutunci.

Malam_Na_Tudu:
Gimbiya, maganarki tana da ƙarfi, kuma ta fuskar hukunci haka ne, wanda aka tsare ana neman halaka shi yana da ikon kare kansa. Sai dai a lokacin da ya shaƙe shi ɗin, bindiga ba a hannun Kane take ba. Kane ya tono abinci da ruwan da ya ɓoye, ya ajiye bindigar a tsakaninsu, ya ce a yi rige-rige. Kuma da Adam ya danne shi, ba ya ko kare kansa, roƙo yake a ƙarasa shi. Daga wannan lokacin haɗarin ya kau. Abin da zai biyo baya ba kare kai ba ne, huce haushi ne. A daidai wannan gaɓar ya saki. Ko ya san fiƙihu ko bai sani ba, a kan layi ya tsaya.

Kaboyin_Fagge:
To Malam, sai mu dawo tambayar farko da ba wanda ya amsa min. Me ya kashe Kane? Mutumin da yake cin rabo mai tsoka, yana zaune a inuwa, Adam na rana. In dai ƙishirwa ce ai Adam ya kamata ya fara faɗuwa. Amma wanda aka shaƙe shi ne ya mutu, wanda ya yi shaƙar ya rayu. Ku haɗa ɗaya da ɗaya.

Nas_Mai_Dare:
Ina bin ku tun ɗazu daga wurin aiki. Kaboyi, abin da ka faɗa yana yiwuwa. Wanda aka shaƙe zai iya tashi ya yi magana lafiya lau, daga baya maƙogwaro ya kumbura ko jijiyar wuya ta samu matsala, bayan sa'o'i abin ya juya. Shi ya sa ba ma sakaci da irin waɗannan ko sun ce ba komai. Amma kuma mutumin da aka kwantar ana ja cikin rana, ba inuwa, ruwa ya ƙare, zafi kaɗai ya isa ya kashe shi, kuma jiki ba ɗaya ba ne. Shirin bai nuna lokacin mutuwar ba, bai kawo likita ba. Ina ganin da gangan suka bar shi haka. Shi kansa Adam bai san gawa yake ja ba sai da aka faɗa.

Jikan_Makera:
Wannan na ƙarshen ne ya tsaya min. Awa nawa ya yi yana jan mushe yana zaton ceto yake yi? In Kane yana da wata nasara to a nan take, ko ya mutu bai sauka daga wuyan yaron ba.

Uwar_Biyu:
Ni kuma a nan nake ganin ya faɗi. Ya so ya mutu a hannun maƙiyi, sai ya mutu a bayan mai ɗaukarsa.

Kaboyin_Fagge:
Hajiya wannan waƙa ce ba hujja ba. Ni abin da ya fi ba ni haushi ma, mako na gaba Adam ya fito fes kamar ba abin da ya faru. Ba mafarki, ba firgita, ba a ƙara ambaton Kane ba. Mutumin da Dan_Agadas ya ba mu labari na tabbata har yau in ya ga murfin bido sai gabansa ya faɗi.

Tsohon_Opireta:
Haka shirye-shiryen lokacin suke, kowane kashi da kansa yake tsaye, don a iya maimaita su ba bisa jeri ba. Ba irin masu dogon zango na yanzu ba da ake jan ciwo ɗaya shekara biyu. Ko kayan jikinsu ai daga baya aka daina canzawa, kowa da rigarsa ɗaya, don a riƙa sake amfani da hotunan sukuwar da aka riga aka ɗauka. Kamfanin RCA, wanda a lokacin shi ke da NBC, tashar da ke nuna shirin, shi kuma burinsa a sayi talabijin mai kala, shi ya sa tun 1959 aka ɗauki shirin da kala alhali yawancin gidaje baƙi da fari suke da shi.

Dan_Agadas:
Kaboyi, mutumin nan na sake ɗaukarsa bayan wata takwas, hanya ɗaya. Bido biyu ya shigo da su nasa na kansa, ya ɗaure a ƙafarsa da igiya. Ɗan garin nasu ban sake ganinsu tare ba.

Bakatsine_A_Legas:
Wai a ina kuke samun cikakken kashin ne? Wanda na samu an yanke daidai inda ya karya bindigar, sai ya tsallaka zuwa inda uban yake sauka daga doki.

Kaboyin_Fagge:
Ka ga irinta ko, an yanke maka wurin da Malam ya kafa hujjarsa a kai. Bari a kawo wuta in duba nawa, cajina saura kashi 4.